Ramin Da Ya Ci Zaitun Talatin Da Ɗaya

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya. Amin.

Sayyidna Bishop, shugaban wannan taro. Manyan bishop-bishop da suka ƙetaro tekuna suka zo mana. Limaman majami'u na gida da na waje. Abuna Tanas, limamin ƙauyenmu Bait Nuwar. 'Yan'uwa mata masu zaman zuhudu. Malamai masu digiri, waɗanda sunayensu suka fi tsawon teburinsu. Maƙwabtanmu Musulmi da baƙinmu Yahudawa da ke kujerun baya. Masu ɗaukar hoto, waɗanda in babu su babu taro. Jama'ar Baitalami da kewaye, maza da mata: salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku.

Sunana Afifa, ana ce mini Umm Bishara. A aji shida karatuna ya tsaya. Ni matar Saliba ce, Abu Bishara, manomin zaitun, wanda aka yi addu'ar cikarsa shekara guda da rasuwa ranar Lahadin da ta wuce.

Ina gode wa kwamitin Taron Salama da Adalci da ya ba ni minti goma. Ina gode masa kuma da ya rubuta mini jawabin da zan karanta, don kada in wahala da tunani. Ga shi nan, shafi biyu, an buga shi da manyan baƙaƙe saboda idona. A ciki an ce in faɗi cewa zuwanku ya share mini hawaye, sannan in miƙa wa Sayyidna wannan dashen zaitun da ke cikin gwangwani, wanda za ku shuka gobe a harabar cocinmu. Jawabi ne mai kyau. Wanda ya rubuta shi bai taɓa binne miji ba, amma ya iya rubutu. Zan ajiye shi a nan kusa da ruwan sha.

Sitt Hiyam, ke da kike cikin akwatin gilashi kina juya musu maganata a kunne, benci ɗaya muka zauna ni da ke a makaranta. Ki faɗa musu yadda na faɗa. Kada ki zuba sukari, ba gahawa ba ce.

Maganata uku ce. Ta farko a kan takarda.

Shekara goma sha huɗu ke nan ana wannan taro, kuma kowace shekara ana aiko wa kowane gida a ƙauyenmu da sanarwar bayan taro. Ina da su duka. Takardarku mai kauri ce, ba ta jiƙewa da wuri, shi ya sa na shimfiɗa ta a kantar kicin, ƙarƙashin kwalaben zaitun. Saliba yakan zaro ɗaya bayan cin abinci, ya sa tabarau, ya karanta mini da muryar wa'azi. Shekarar da aka ja wayar shinge tsakaninmu da kwarin Safsaf, inda gonarmu take, kun nuna damuwa. Shekarar da aka sa wa wayar ƙofar ƙarfe da kwaɗo, kun nuna matuƙar damuwa. Shekarar da 'yan kama-wuri-zauna na kan tudu suka sare wa maƙwabcinmu itace ashirin, kun yi kira ga ɓangarorin biyu su kai zuciya nesa.

Saliba ya sauke takardar ya ce, "Afifa, kin ji ko? Mu da itatuwan, an ce mu kai zuciya nesa."

Na ce, "To, ka je ka gaya musu mana."

Ya ce, "Ta ina? Ƙofar a kulle take. Sai dai in rubuta musu sanarwa."

Ban ce ƙarya kuka rubuta ba. Na san kun damu. Na ga wasunku suna kuka da idona, na kuma san wasunku sun sha zagi a ƙasashensu saboda mu. Majami'unku sun riƙe makarantar da ɗana Bishara ya yi karatu, har ya iya harshen da ya ɗauke shi zuwa Chile, bai dawo ba. Na gode. Amma an gaya mini jiya kwamitin rubutu ya yini yana gardama a kan jimla ɗaya, har aka ɗaga cin abinci. Ni ban san akwai jimlar da ta kai a bar mata shinkafa ta huce ba. Ku rubuta duk yadda kuka rubuta. Akwai sauran wuri a kantata.

Magana ta biyu a kan rami. Abuna Tanas, ka yafe mini, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A harabar cocinmu, hannun dama da ƙofa, akwai wurin da duk tawagar da ta zo take shuka Itacen Salama. Kun san yadda ake yi. A ɗaura wa shebur jan ƙyalle, babban baƙo ya zuba ƙasa sau uku, a yi waƙa, a ɗauki hoto, a kafa ɗan allon tagulla mai sunan majami'arsa da shekara. Dukanku kun yaba da laushin ƙasarmu. Na ji wani ya ce ƙasa mai tsarki ba ta gardama da shebur. Ranka ya daɗe, ba tsarki ba ne. Jadalla ne.

Jadalla mai gadin coci, ga shi can bakin ƙofa yana neman hanyar fita. Tsaya, Jadalla, ba kai kaɗai ba ne. Harabar cocinmu falalen dutse ne shimfiɗe daga bango zuwa bango. Wuri ɗaya tak yake da ƙasa, ita ma ba ta fi kamu guda ba, ƙarƙashinta dutse. Babu itacen da ya taɓa yin wata huɗu a ramin nan. In ya bushe, Jadalla ya tumɓuke shi, ya kwance allon, ya kai sito bayan bagadi, ya yayyafa wa ramin ruwa, ya jira tawaga ta gaba. Rami ɗaya ne. Ya ci zaitun talatin da ɗaya. Allunanku suna nan a jere a sito, an goge su, sun fi kofunan Jibin Ubangiji sheƙi. Abuna, kada ka sunkuyar da kai. Mabuɗin siton a aljihunka yake.

In aka ce wata tawaga za ta dawo ganin itacenta, sai Jadalla ya lalubo allonta ya kafa a gindin wanda ya samu a tsaye. Wata shekara wani babban limami daga ƙasar sanyi ya dawo bayan shekara bakwai. Ya tsaya ya dubi itacen, ya dubi allon, ya zaro tsohon hoto daga jaka ya gwada. Ya ce, "Amma ai lokacin da na shuka shi ya kai mini ƙugu. Yaya yanzu gwiwata kawai ya kai?"

Jadalla ya cire hula, ya girgiza kai, ya ce, "Mamaya ce, ranka ya daɗe. A ƙasar nan har itace baya yake girma."

Bawan Allah ya fashe da kuka, ya rungume Jadalla. Bayan wata biyu Abuna Tanas ya nuna mana mujallar majami'arsu, da hoton dashen, da labarin itacen da zalunci ya hana girma.

Ku yi dariya, ba laifi, mu ma mun yi. Amma ku san wanda yake ba da dashen. Saliba ne. Shi yake yanko reshe daga itatuwan kakansa, ya raine shi shekara biyu a gwangwani a bayan gidanmu, yana yi masa magana kamar jariri. In Abuna ya aiko, sai ya daɗe yana zagaya gwangwanayen kafin ya zaɓi ɗaya. Ya ce, "Afifa, wanne zan kai mahauta?"

Na ce, "Ka faɗa musu gaskiya mana, Abu Bishara. Ka ce ramin dutse ne."

Ya ce, "Haba, mace! Mutum ya taso daga ƙarshen duniya, da hularsa da sandarsa, in ce masa raminsa ba shi da gindi? Baƙo ne fa."

Laifinmu ke nan, kuma gara in faɗe shi da bakina. Mu mutane ne da in baƙo ya taka mana ƙafa, mu ne za mu ba shi haƙuri don mun ajiye ƙafa a hanyarsa. Kuka tambaye mu me muke bukata, muka ce addu'a, muka ƙara muku gahawa. Kuna son rami mai laushi, muka tanadar muku. Ba ku tambayi abin da ke ƙasa ba, mu ma ba mu faɗa ba. Shekara da shekaru muna yi wa juna ladabi, waya tana matsowa.

Sayyidna, na ga takardar da kake turo mini. Na san minti goma sun cika. Na jira mabuɗin ƙofar gonarmu awa biyar a rana, za ka iya jirana minti biyar a inuwa.

Magana ta uku ita ce ta kawo ni.

Muna da itace sittin da biyu a kwarin Safsaf, bayan ƙofar ƙarfe. Ba a shiga sai da takardar izini, sai kuma ranar da aka rubuta a takardar. Shekara arba'in man farko da ya fito daga gonar nan Saliba ba ya ɗanɗana shi, sai ya cika kwalba ya kai fitilar da ke gaban hoton waliyyi Mar Jiryis, alkawarin da uwarsa ta ɗauka ranar da ta haife shi. Yanzu fitilar da man kanti take ci, na gwangwani. Na karanta jikin gwangwanin. Daga ƙasar wasunku ya zo. Mun gode, yana ci da kyau.

Rabonmu da shiga gonar kaka biyu ke nan, ta bana ce ta uku. A shigarmu ta ƙarshe aka busa mana usur kafin lokaci, muka fito a guje, Saliba ya bar tsaninsa jingine da babbar itaciyar da yake kira Sitti, wato kaka. Shekarar da ta biyo ba a buɗe wa kowa ba. Bara aka ba mu rana ɗaya, Talata, ƙarfe bakwai na safe. Ƙarfe shida muna bakin ƙofa da buhuna da shimfiɗu da burodi da tumatir da butar shayi. Ƙarfe bakwai soja ya ce mabuɗi yana hanya. Ƙarfe tara ya ce yana hannun wani, wanin kuma ya tafi hutu. Ƙarfe goma sha ɗaya Saliba ya zauna a kan dutse ya ce in zuba masa shayi. Ya karɓa, ya nuna da haɓa ta cikin waya, ya ce, "Afifa, ga tsanina can. Bai faɗi ba." Sai kofin ya suɓuce.

Zan faɗi gaskiya duka, don a gaban Allah nake. Ɗaya daga cikin sojojin ya ajiye bindiga ya durƙusa yana danna masa ƙirji har gumi ya jiƙe shi. Na gani, ban manta ba. Mabuɗi kuma ya iso ƙarfe ɗaya na rana. Shi ma ban manta ba. An ce mini sun buɗe ƙofar, sun tsaya har ƙarfe huɗu bisa ƙa'ida, sannan suka rubuta cewa mai gona bai shiga ba.

Wadda ta kai mu asibiti a motarta tana zaune can baya, mai farin gashi da sandar ƙarfe. Sunanta Zehava, Bayahudiya ce daga Kudus. 'Yarta ta mutu a cikin bas, shekara ashirin da wani abu, kuma ɗan wajenmu ne ya tayar da abin da ya kashe ta. Ba ta taɓa ɓoye mini ba, ni ma ban taɓa ce mata ba haka ba ne. Kaka tara tana zuwa tsinkar zaitun a gonarmu, kuma wallahi ban ga wanda bai iya tsinka ba kamarta. Ganye ta fi tarawa.

Saliba yakan ce mata, "Maƙwabciya, tatsa ake yi kamar nonon akuya, ba fizga ba! Mutanenki sun ɗauki tudu, ke kuma za ki ƙarasa mini rassan?"

Ta ce, "Rufe baki, tsoho. Da kana biyana da na koya."

Ya ce, "Ci burodi, Allah Ya shirye ki."

A kan siyasa ba su taɓa shiryawa ba. Sukan yi ta musu daga itacen farko har na ƙarshe, shi a sama, ita a ƙasa tana riƙe masa tsani. Ba a taɓa gayyatarta ta hau teburin nan ba. Ba ta da allon tagulla. Ranar addu'ar arba'in ta zo ta zauna cikin mata, ta ci dafaffiyar alkamar sadaka, ta ce ta yi zaƙi da yawa. Ni dai abin da na sani game da salama a wajenta na gani, kuma ba ta taɓa kiransa da wannan suna ba. Zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar mai ciwon gwiwa ce.

Yanzu ku saurara, don nan ne wurin. Lauyan da ke bin mana maganar gonaki ya ce in kaka ta uku ta wuce ba mu nuna shaidar muna aikin gonar ba, za a iya rubuta ta a cikin ƙasar da aka yi watsi da ita, daga nan kuma sai dai labari. Bana an ba ni rana ɗaya. Jibi, Alhamis, bakwai na safe zuwa huɗu na yamma. Takardar ta ce mai gona da masu taya ta, ba ta faɗi adadi ba. Masu taya ni su ne Jadalla, mai shekara saba'in da ɗaya, da Zehava da gwiwarta. In mun yi ƙoƙari mu gama itace biyar. Samarin ƙauyen da suka rage suna tsoron bakin ƙofar, kuma ba zan ce wa uwar kowa ta ba ni ɗanta ba.

Na tambayi lauya, "Wace irin shaida suke so?"

Ya ce, "Hotuna, Umm Bishara. Mutane a cikin gona suna aiki, da kwanan wata a jiki. In da baƙi masu fasfo a ciki ya fi, don maganarsu tana da nauyi, kuma in suna tsaye mabuɗi ba ya cika tafiya hutu."

Na ce, "Hotuna? Baƙi? Tsarki ya tabbata ga Allah! Ai na san inda suke."

Shekara goma sha huɗu ina kallonku kuna ɗaukar hoto da zaitun ina cewa a raina, wannan me zai amfana? Ku yafe mini, ashe horo kuke yi. Babu wanda ya iya tsayawa kusa da itace ya dubi na'ura kamar ku. Yanzu ga ranar aikin ta zo.

Na duba jadawalinku. Ranar Alhamis an rubuta hutu da tunani a Tekun Gishiri. Na tambayi direban bas abin da ake yi a can, ya ce kwanciya ake yi a kan ruwa, a shafa baƙin taɓo a fuska. Ranku ya daɗe, tekun nan yana nan tun zamanin Lutu, ba a sa masa kwaɗo ba, zai jira ku. In taɓo ake so, an yi ruwan fari shekaranjiya, akwai shi a kwarinmu kyauta. Bas ɗinku yana ɗaukar mutum hamsin. Daga nan zuwa ƙofar minti ashirin da biyar ne.

Ba zan yaudare ku ba, na gama da ramin laushi. Za a tsayar da ku a rana. Za a karɓi fasfonku a jujjuya. Wataƙila 'yan kan tudu su sauko su zage ku, wataƙila su yi jifa. Wataƙila a rubuta sunanku, in kun tashi dawowa ƙasar nan a yi muku tambayoyi a filin jirgi. Wataƙila ma mabuɗin ya ƙi zuwa, mu yini a bakin waya, to aƙalla a samu mutum hamsin da za su ce mai gona ta zo. Ba kuma za a kafa wa kowa allo ba. Abin da zan iya yi muku alkawari shi ne burodin tanda da garin yajinmu na za'atar da shayi mai ganyen maramiya. Ku sa farar kwalarku a inda za a gan ta, amma ku canza takalmi.

Dashen nan kuwa, Sayyidna, ba zan miƙa shi ba. Shi ne na ƙarshe da Saliba ya raina, daga reshen Sitti ya yanko shi. Ba zai zama na talatin da biyu ba. Jibi zan kai shi kusa da uwarsa, inda ƙasa take da zurfi. Wanda yake son hoto da shi ya biyo shi can.

Ba na son tafi. Hannu nake so. Wanda zai shiga bas ƙarfe shida na safiyar Alhamis ya ɗaga, in gani.

Zehava, sauke naki, an riga an ƙirga ki. Jadalla, kai ba zaɓi gare ka ba. Ga 'yan'uwa mata huɗu, Allah Ya yi muku albarka, kullum ku ne. Ga Abu Hamdan maƙwabcina, biyar. Shida. Malam mai dogon suna, bakwai. Ga wasu uku a layin tsakiya, goma. Abuna Tanas, da wanne hannu, na mabuɗin sito? Sha ɗaya. Ranka ya daɗe, kai na ƙasar sanyi, ai na gane ka tun ɗazu, kai ne mai itacen da ya koma gwiwa. Kana dariya kuma kana ɗaga hannu? Allah Ya saka, sha biyu, ka zo in nuna maka wanda ya fi ka tsawo sau uku. Sha biyar. Sha tara. Sayyidna, hannu ka ɗaga ko hula kake gyarawa? Na ƙirga. Ashirin.

Sauranku, ku yi iyo lafiya. Ba na fushi. Ku tuna da mu a cikin tunanin.

Allah Ya ji ƙan Saliba, Ya ji ƙan 'yar Zehava, Ya ji ƙan duk wanda uwa ta haifa a ƙasar nan aka binne shi kafin lokacinsa, ta wannan gefen waya da ta wancan. Allah Ya ba shugabanninmu kunya, in tausayi ya yi musu nauyi. Allah Ya tsare sojan da ya durƙusa, Ya mayar da shi ga uwarsa, Ya kuma tuna wa mai mabuɗi inda ya ajiye shi. Allah Ya ba masu zuwa ƙarfin gwiwa, Ya mai da masu tafiya gida lafiya, Ya sa fitilar Mar Jiryis ta sake cin man kwarin Safsaf.

Kowace Lahadi bayan sujada nakan je bakin wayar nan in leƙa. Tsanin yana nan jingine, bai faɗi ba. Jibi, in Allah Ya yarda, zan sauke shi da hannuna in kawo shi gida. Mutum biyu nake so su kama mini, yana da nauyi.

Na gode.